Yadda ake zaɓen masauki a tafiya: otel, oberji ko gidan baƙi

Yawancin masu tashi daga Maraɗi zuwa Yamai, Damagaram, Tawa ko Kano ba sa tunanin wurin kwana sai kar, wato babbar motar fasinja, ta sauke su a tasha, dare ya raba, jiki ya mutu. A lokacin ne mutum ke tambayar ɗan kabu-kabu inda ake kwana a garin, shi kuwa inda ake ba shi la'ada zai kai ka, ko wurin ya dace da kai ko bai dace ba. Zaɓen masauki aiki ne da ake farawa tun daga gida, a ƙarasa shi a bakin ƙofar ɗaki kafin kuɗi su bar hannu. Ga yadda nake yi, mataki bayan mataki.

Abin da za ka tanada kafin ka tashi

Katin shaidarka na ɗan ƙasa, na asali, da hotonsa a cikin waya. In za ka tsallaka iyaka, haɗa da fasfo ko takardar tafiya da katin rigakafi. In da iyali za ka, ɗauki takardar aure in kana da ita, don akwai masaukan da ke tambaya.

Kuɗi a hannu, har da canji. Kada ka dogara ga katin banki kaɗai. In ka cire manyan otel, tsaba ake so. Ragowar kuɗin bar su a asusun waya ko ka aika wa kanka ta kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Amana, ka karɓa can.

Sai ƙananan kaya waɗanda ba su da nauyi amma suna gyara dare: zanen gado ɗaya, tawul, sabulu, silifa, darduma, fitila, cajar waya da batirin ajiya, ƙaramin kwaɗo da mabuɗinsa, maganin sauro. Da damina ƙara sange da ƴar igiya. Buta ba dole ba ce, amma a manyan otel sau da yawa ba a ajiye ta, sai ka nema. Gorar ruwa da ka shanye tana iya tsaya maka.

Na ƙarshe, lambar mutum ɗaya da ya san garin. Wannan ta fi duk abin da na lissafa amfani.

1. Ka san abin da kake zaɓa tsakaninsu

Otel gida ne da aka gina don sana'ar kwana: akwai mai karɓar baƙi dare da rana, akwai wurin cin abinci, akwai masu gyaran ɗaki, galibi akwai gurup na kuran, wato injin ba da wuta, da wurin ajiye mota. Taurarin da ake ba shi, daga 1 zuwa 5, suna nuna yawan abubuwan da ke ciki, ba sa nuna ko an wanke zanen gado jiya. Kuma kowace ƙasa da ma'auninta, tauraro 3 na nan ba lalle ya yi daidai da tauraro 3 na wani wuri ba.

Oberji ƙarami ne, ɗakuna kaɗan, kuɗi da sauƙi, ma'aikata biyu ko uku. Wani yana da abinci, wani babu. A nan ne ake samun mafi kyau da mafi muni: akwai oberjin da ya fi otel tsabta da natsuwa, akwai wanda mashaya ce aka jingina wa ɗakuna a baya.

Gidan baƙi mai karin kumallo kuwa gidan mutum ne, ya ware ɗaki ko sashe yana haya, da safe ya ba ka abin kari cikin kuɗin ɗakin. An fi saninsa a Ingila da Faransa, amma yanzu a Yamai da Kano akwai masu ba da ɗaki ko gida da kayansa a kan kwana ko mako. Kusa da shi akwai gidajen saukar baƙi na ma'aikatu, ƙungiyoyi da mishan, waɗanda kan karɓi na waje in da ɗaki a sake.

Na huɗu shi ne wanda muka gada: sauka wurin ɗan'uwa ko wurin maigida a kasuwa, kamar yadda fatake ke yi a zango tun kafin a san otel. Zan dawo kansa, domin mutane suna ɗaukarsa kyauta, alhali yana da nasa lissafin.

2. Fara da abin da ya kai ka garin

Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, tambayi kanka abu uku: ina zan yini, ƙarfe nawa ake bukata ta can, kwana nawa zan yi.

In kwana ɗaya ne kuma kar ɗinka ta asuba ce, nemi wuri kusa da tasha, ko da bai kai wani kyau ba. Motocin manyan kamfanoni tun da duhu suke tashi, kuma neman abin hawa ƙarfe 4 na dare a unguwar da ba ka sani ba, da jaka a hannu, ba abin so ba ne.

In takarda ka je nema a ma'aikata a Yamai, wurin da ke kusa da Filato, unguwar ma'aikatu, ya fi maka, ko da ya ɗan fi tsada. Wanda ya sauka Harobanda, ƙetaren kogi, don araha, kullum sai ya tsallaka gada safe da yamma, ya biya taksi, ya sha cunkoso. Haka a Kano: mai sari a Kantin Kwari ya nemi wajen Fagge ko Sabon Gari, mai harkar hatsi a Dawanau kuwa hanyar Katsina ta fi masa.

In jinya ce, kusancin asibiti ya rinjayi komai. Mai jinya yana kai-komo sau da yawa a yini, da abinci, da magani, da kiran dare.

Daga nan nau'in masaukin yake fitowa da kansa. Kwana ɗaya ko biyu da aiki mai tsauri, ko wanda za ka gana da mutane cikin mutunci: otel. Kwana biyu zuwa biyar da aljihu matsakaici: oberji mai tsabta. Mako ko fiye, ko tafiya da iyali: gidan baƙi ko gida mai kaya, inda za ku iya dafa abinku ku wanke tufafinku.

3. Duba lokacin shekara

Ɗaki ɗaya ba ya zama iri ɗaya duk shekara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kuran kuma yana yawan yankewa, tambayar farko ita ce gurup ko sola. Ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba tare da gurup ba ya fi mai fanka azaba, domin an toshe tagoginsa don riƙe sanyi. Wuta na ɗaukewa sai ya koma tanda. A wannan lokacin na fi son ɗaki mai fanka da taga biyu masu raga a gidan da ke da sola, a kan mai kilim a gidan da ke jiran wutar gari.

Da hunturu, Disamba da Janairu, kuɗin kilim asara ne. Karɓi ɗaki mai fanka, ka tambayi bargo da ruwan zafi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, dubi rufi ko akwai tabon yoyo, dubi hanyar shiga unguwar ko ruwa na kwanciya, kuma kada ka kwana ba sange ko raga a taga. Zazzaɓin cizon sauro ya fi kowane ɗaki tsada.

Akwai kuma ranakun da gari ke cika: gasar kokowa ta takobi a jihar da ta karɓi baƙuncinta, babban taro a Yamai, lokacin tashi da dawowar alhazai, jarrabawar ɗaukar aiki. In tafiyarka ta faɗo a irin wannan, kira tun da mako guda ko biyu.

4. Yi lissafin dare gaba ɗaya

Kuɗin da aka rubuta a allo kashi ɗaya ne kawai. Haɗa kuɗin ɗaki, abin hawa zuwa wurin aikinka da dawowa, karin kumallo, abincin dare, ruwan sha, da ajiyar mota in da ita ka zo.

Ga misali don a gane. A ce oberji a bakin gari jika 10 ne, wani kuma kusa da wurin aikinka jika 14 da abin kari a ciki. Na farkon zai ci maka jika 3 na abin hawa a yini, da jika 1 na shayi da burodi. Sun yi kunnen doki ke nan, ga awa biyu da ka ɓata a hanya. Wanda ya duba allo kaɗai zai ce ya yi ribar jika 4.

Sauka wurin ɗan'uwa ma a sa shi a ma'auni. Akwai tsaraba, akwai abin da za ka ba yara da uwargida ranar tafiya, akwai lokacin da za ka ba hira da gaishe-gaishe, kuma ba ka da ikon dawowa ƙarfe 12 na dare kana buga ƙofa. In zumunci ne ya kai ka, ko jinya mai tsawo, babu abin da ya kai shi. In aiki ne mai gaggawa, sauka a oberji, ka je ka gaishe su da la'asar da tsarabarka. Sai dai ka sanar da su ka shigo. A ji labarinka a bakin wani ya fi rashin saukar ciwo.

5. Kira kafin ka tashi

Samu sunaye biyu ko uku daga wanda ya kwana can kwanan nan, ba wanda ya kwana shekara uku da suka wuce ba. Masauki yana lalacewa da wuri in an canja mai kula da shi. Direbobin kar, ƴan kasuwar da ke zirga-zirga da ma'aikatan da ke yawan fita aiki su ne suka fi sani. Hotunan Facebook da na intanet ranar buɗe gida aka ɗauke su. In za ka karanta ra'ayin mutane, karanta na baya-bayan nan, ka fara da masu ƙorafi.

In ka kira, bayan sallama da gaisuwa, tambaya ta zama a fili:

"Malam, ɗaki nake so daren Talata, mutum ɗaya. Nawa ne mai fanka, nawa ne mai kilim? Makewayi a ciki yake ko a waje? In kuran ya yanke, ana tada gurup har safe ko zuwa ƙarfe nawa? Akwai shato, wato tankin ruwa? Ƙarfe nawa kuke rufe ƙofa? Akwai mashaya a gidan?"

Tambayar gurup ita ce wadda aka fi yi wa amsa mai harshen damo. "Akwai gurup" ba amsa ba ce. Wani gidan yana kashe shi tsakar dare, wani yana tada shi don fitilu kaɗai, ba ya ɗaukar kilim.

Roƙi a turo maka hoton ɗakin da makewayinsa ta WhatsApp, na ranar. Faɗi lokacin da kake sa ran isowa. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar yini ce, kuma mota na iya makara. In kun tsaya Doso sake kira a riƙe maka ɗakin. Damagaram kusan kilomita 240 ce, za ka isa da rana ka zaɓa da idonka, ba sai ka kama ɗaki daga nesa ba.

Gargaɗi: kada ka tura kuɗin kwanaki duka ga lambar da ka tsinta a intanet. In dole sai an ba da kafin alƙalami, kwana ɗaya ya isa, kuma a turo maka saƙon da ke nuna an karɓa, da rana da kuɗin ɗaki.

6. Ga ɗakin kafin ka biya

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa saboda gajiya ko kunya. Babu abin kunya a ciki. Ce, "Don Allah a nuna mini ɗakin tukuna." Gidan da ya ƙi nuna ɗaki ya riga ya ba ka amsa.

Tun daga ƙofar gida ka fara kallo. Akwai mai gadi? Akwai fitila a tsakar gida? Su wane ne zaune a wurin: matafiya da iyalai, ko masu shiga da fita ba kaya a hannu? Kiɗa na tashi daga wani sashe? In yana tashi ƙarfe 8, to ƙarfe 1 ma yana nan.

In ka shiga, fara da makewayi, domin shi ne ba ya ƙarya. Buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwan, ja ruwan masai, duba ko akwai bokiti cike. Bokiti cike alama ce ruwa na yankewa, amma kuma alama ce masu gidan sun tanada. Famfo busasshe ba bokiti shi ne abin gudu.

Sai gado. Ɗaga zanen, haska fitilarka a ɗinkin katifa da kusurwar katako. Ƙananan ɗigo baƙaƙe ko tabon jini alamar kuɗin cizo ce. In ka gan su, kada ka yarda a canja maka zane kawai, kuma kada ka ajiye jakarka a kan gadon, don suna bin kaya har gida. Nemi wani ɗaki nesa da wannan, ko ka bar gidan.

Kunna fanka ko kilim, ka ba shi minti biyar yayin da kake duba sauran. Gwada wurin caji da wayarka. Rufe ƙofa daga ciki ka ga ko sakata na kamawa, ka girgiza ta. Dubi taga: raga lafiya take, ƙarfe na nan? In akwai ƙofar da ke haɗa ɗakinka da na kusa, tabbatar a kulle take daga ɓangarenka.

Tambayi alƙibla da masallaci mafi kusa. Tambayi inda gurup yake zaune, don ɗakin da ke jingine da shi ba ya barci. Ɗakin da ya fi shi ne na ciki, nesa da titi da wurin karɓar baƙi. A bene kuwa, hawa na ƙarshe ya fi zafi da bazara, ruwa ma yakan gaza hawa can.

In ɗakin farko bai yi ba, nemi na biyu. Sau da yawa wanda ya fi wuyar shiga ake fara nunawa.

7. Ciniki, rajista da resi

A babban otel kuɗi a rubuce suke, ragi sai ga mai kwana da yawa ko wanda ma'aikatarsa ke da yarjejeniya da su. A oberji da gidan baƙi akwai magana, musamman in kwana uku ne zuwa sama, ko ku da yawa ne. Amma ko ka yi niyyar mako, biya kwana ɗaya tukuna. Dare ɗaya zai nuna maka abin da rana ta ɓoye, kuma kuɗin da suka shiga akwati da wuya su dawo.

Za a ba ka takarda ka cika sunanka, lambar kati, inda ka fito da inda za ka. Ƙa'ida ce ta tsaro, cika ta daidai. A duba katin, a ɗauki hotonsa in ana so, a maido maka. Kada ka bar shi ya kwana wurinsu. Shingen bincike na iya tare ka a cikin gari. Gidan da bai tambayi sunan kowa ba kuwa, ka san kowa ma yana iya kwana a ɗakin da ke kusa da naka.

Karɓi resi, wato takardar shaidar biya, kowane biya. In aiki ne aka aiko ka, nemi takardar biya mai hatimi tun ranar, kada ka bari sai asubar tafiya lokacin da mai hatimin yake gida yana barci. Tambayi ƙarfe nawa ake sakin ɗaki. Galibi 12 na rana ne, wanda ya wuce a ƙirga masa wani kwana. Tambayi kuma ko abin kari na cikin kuɗin, da abin da ake bayarwa, da lokacinsa. Karin da ake fitarwa ƙarfe 8 ba shi da amfani ga mai fita ƙarfe 6. Gara a rage maka kuɗinsa ka sayi ƙosai da kunu a bakin hanya.

8. Inda zaɓin ke canjawa

Mace mai tafiya ita kaɗai ta fi samun natsuwa a gidan saukar baƙi na ƙungiya ko ma'aikata, ko otel mai mai karɓar baƙi har safe. Hajiya, ki isa da rana in da hali, ki karɓi ɗakin da ba a ƙarshen lungu yake ba, ki tura wa na gida sunan wurin da lambar ɗaki, kuma kada ki buɗe wa mai ƙwanƙwasawa da dare sai kin kira wurin karɓar baƙi.

Mai iyali ya nemi gida mai tsakar gida da wurin girki. Ɗaki biyu a otel da abincin mutum biyar sau uku a rana yana cinye guzuri cikin kwana kaɗan. Mai tafiya da tsoho ko mara lafiya ya nemi ɗakin ƙasa, makewayi a ciki.

Ɗan kasuwa mai kaya, maigidansa na kasuwa ya fi masa otel nesa ba kusa ba: akwai sito, akwai wanda ya san dillalai, akwai wanda zai tsaya maka in rigima ta taso. Abin lura kawai, a yanke la'ada da kuɗin ajiya tun farko, kada kara ta hana magana sai ranar rabuwa.

Baƙon da ka gayyato Maraɗi ma haka za ka yi masa. Je da ƙafarka ka duba ɗakin, kuma ka tuna Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne, gari ya fi cika.

9. In tafiyar ta Turai ce

Can kusan komai ta intanet ake kamawa, ta irin Booking.com ko Airbnb, kuma neman bizar Shengen, ta shiga Faransa da ƙasashen Turai da dama, na bukatar shaidar inda za ka sauka. In wurin ɗan'uwa ne a Faransa, shi zai karɓo takardar karɓar baƙo daga ma'aikatar magajin garinsu. Zaɓi ɗakin da ake iya fasawa ba tare da asara ba har biza ta fito.

Gidan baƙi mai karin kumallo a Faransa doka ta tsaida shi ga ɗaki 5 da mutum 15, masu gidan kuma suna nan tare da kai. Yana da daɗi ga mai son hira da sanin gari, amma babu mai jiran ka tsakar dare, sai ka faɗi lokacin isowarka. Duba ko makewayi naka ne kai kaɗai ko na tarayya. A Ingila karin kumallonsu na gargajiya yana ɗauke da naman alade, saboda haka sanar da su tun wurin kama ɗaki. Tsofaffin masaukansu na ƙauye kuwa yawanci a saman mashaya suke. In jirginka zai sauka da dare, otel kusa da tashar jirgin ƙasa ya fi.

10. In ka isa ba ka samu ba

Yana faruwa: mota ta lalace, kun shiga gari ƙarfe 2 na dare, ko ɗakin da aka yi maka alkawari an ba wani. Kada ka hau babur kana zagaya gari da kaya. Manyan kamfanonin kar suna da rumfar jira mai gadi da fitila da wurin salla. Shimfiɗa dardumarka, sa jaka a matashi, kuɗi da kati a jikinka, ka jira gari ya waye. A ƙaramin gari inda babu oberji, gidan mai gari ko limamin unguwa ne wurin sallama, a gabatar da kai da abin da ya kawo ka. In da mota kake, tsaya inda manyan motoci ke kwana kusa da jami'an tsaro, kada ka ci gaba da tuƙin dare don neman gado mai laushi.

In ɗakin da ya rage bai kai yadda kake so ba amma ƙofarsa na kulluwa, nan kayan jakarka za su yi aiki: shimfiɗa zanenka, ɗaura sange da igiyar, cika bokiti tun ruwa na zuwa, sa komai a caji tun wuta na nan.

11. Ranar tashi

In fitar asuba ce, gama biya tun da dare, ka shirya da mai abin hawan da mai gadi ya sani, ka karɓi lambarsa. Kafin ka miƙa mabuɗi duba ƙarƙashin matashi, bayan ƙofar makewayi da wurin caji. Caja da kati nan suke zama. Ba mai gadi da mai shara ɗan na goro. In gidan ya yi maka, karɓi lambar mai karɓar baƙin kansa, ba ta allo kaɗai ba, ka ajiye ta a waya da sunan garin da lambar ɗakin da ka kwana, don in ka sake zuwa shi za ka ce a riƙe maka.